Ƙwaryar Maimuna da Alhaji Gobe-Gobe

Furfuri, Bungudu
Laraba, 15 ga Satumba

Zuwa ga mijina Tajuddeen, tela a Tsafe.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, ina gaishe da maigidanka na shago da duk wadda ke ba ka tuwo a Tsafe, tunda ni ka guje ni. Ni ce kakarka Luba, kuma matarka ta fari, ko ka so ko ka ƙi. Lafiyata lau, ban da gwiwar hagu da ke ƙara kamar ƙofar langa-langa. Babanka lafiya. Gero ya yi kyau bana, sai dai ba kowace gona ake iya zuwa ba.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Tunda aka katse sabis wayata ta koma fitila, sai na tono biro a ƙasan akwati. Aji huɗu na yi a firamare, yau ga ranarsa. Idan ka ga harafi ya kwanta, gajiya ya yi, ka tashe shi. Salisu direba zai kawo maka, shi kuma za ka ba amsa.

To wanga yaro, ashe abin da kake yi ke nan! Sa'adiya matar kawunka ta je Gusau wajen masu turi a sa mata waƙoƙi a waya, sai suka haɗa mata da wasanka. Ta shigo tana cewa, "Inna, zo ki ga mijinki ya zama ɗan siyasa." Na sa tabarau. Sai ga ka cikin babbar riga, wadda na rantse labulen ɗakin wani ce, ka cusa matashin kai a ciki, wai kai ne Alhaji Gobe-Gobe, ka zo buɗe wa talakawa fanfon burtsatse. Tarin nan da kake yi kafin kowane alkawari, a ina ka samo shi? Ka murɗa fanfo, ruwa ya zubo, mata suka rangaɗa guɗa, ashe wani ne a bayan katanga yana ɗura jarka ta tiyo. Da jarka ta ƙare ka yi tari, ka gyara hula, ka ce, "Jama'a, ruwan ya tafi Abuja taro, gobe-gobe zai dawo." Taju, goro ya ƙware ni. Sai da Sa'adiya ta bubbuga mini baya. Sau shida muka kalla, na bakwai maƙwabta suka cika tsakar gida. Kowa ya tuna namu fanfon na bakin masallaci, wanda shekara uku kaji ke hutawa a kansa.

Ka iya, ba zan ɓoye maka ba. Amma kada kanka ya kumbura, gado ka ci. Ba wajen babanka ba, shi ko dariya zai yi sai ya duba ko akwai mai kallo. Wurina ka samo.

In kana son shaida ka tambayi Maimuna. Ka tuna ta? Bafillatanar nan mai nono ta rugar ƙetaren gulbi, wadda ta lasa maka man shanu kana jariri ka yi ta lashe baki. Shekara arba'in da ɗaya ke nan duk Alhamis sai ta sauke ƙwaryarta a tsakar gidan nan, ko bara da ɓarayin daji suka kore musu garke suka bar su da saniya biyu ba ta fasa ba. Makon jiya tana saukewa na ce, "Maimuna, yau rijiya nawa kika tatsa?" Ta dafe ƙugu, ta karkace wuya, ta ce, "Aradu, Kaɗo, buɗe ki gani! Ke da ba ki san saniya ba sai a tukunya, ke za ki gaya mini nono?" Na ɗaga faifai na ce, "Ai ga shi nan, har fuskata nake hangowa a ciki." Ta ce, "Shi ya sa ya tsinke, Kaɗo, tsorata ya yi." Ka ji fa! Na auna mata gero, ta shaƙa ta ce wannan yashin gulbinsu ne na sato. Daga nan muka dama fura muka sha da ludayi ɗaya. Da ana ɗaukar mu a waya, da ku duka kun koma ɗinki.

Ka riƙa cin abinci, a wasan na ga wuyanka kamar na zabo. Ka kiyaye hanya.

Matarka da ba ka yi wa cefane,
Luba

*

Tsafe
Talata, 21 ga Satumba

Zuwa ga amaryata mai haƙori huɗu.

Wa alaikumus salam. Na sami takardarki, na yi murna ƙwarai. Ina lafiya, maigida yana amsawa. Ki gaishe da Baba da Kawu da Anti Sa'adiya. Gwiwar nan ki daina ɗora mata laifi, rawar da kika yi a bikin zamanin Turawa ce take tambaya.

Inna, na karanta takardarki da ƙarfi a shago. Da na zo wajen "tsorata ya yi", maigida ya soke yatsansa da allura saboda dariya. Rigar kuwa kin canka, labule ce, na wani mutum da ya kawo a rage masa tsawo bai dawo ba.

Wasan ya zagaya fiye da zatona. Babu sabis, amma daga waya zuwa waya ya kai har Mada da Magami. Shekaranjiya wani Gambo, na hannun daman wani Honorabul, ya zo shago. Ya ce tarin Alhaji Gobe-Gobe ya yi kama da na ogansa, in yi hankali. Na ce masa ni ban san tari yana da rajista ba.

Yanzu ga albishir. Kin ba ni sabon wasa ba ki sani ba. Na ɗinka kayan Fulani, na ari ƙwarya da faifai, ina ta koyon karkace wuya a gaban madubin shago. Alhaji Gobe-Gobe zai haɗu da mai nono a hanya, ya ce mata, "Buɗe mu gani!" Abokaina sun ƙara wani abu a ƙarshe wanda suka ce shi zai sa wasan ya tashi. Ba zan faɗa miki ba, sai kin gani. Ki ajiye goro kafin ki kalla.

Mijinki mai wuyan zabo,
Taju

*

Furfuri
Juma'a, 1 ga Oktoba

Tajuddeen,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. A gurguje nake rubutu, Salisu yana ta danna oda a ƙofar gida.

Na ga sabon wasanka. Na fara da dariya, ban ƙare da ita ba. Ka janye shi. Ka bi duk inda ya shiga ka ce a goge. Akwai mutanen da ba a taɓawa a irin wannan lokaci da muke ciki, kai ma ka sani. Jiya na ga abin da ya jawo da idona, ban ci abincin rana ba.

Sauran magana sai na zauna. Ka yi abin da na ce.

Luba

*

Tsafe
Lahadi, 24 ga Oktoba

Zuwa ga Inna Luba.

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni ma da sauƙi.

Sai jiya takardarki ta iso. Salisu ya ce giyar motarsa ce ta lalace, ta yi mako uku a gareji a Gusau, takardar na cikin aljihun mota. Ta iso a ranar da ta fi kowace muni.

Kin ce in janye sabon wasana. Na san wanda kike nufi, na asibiti, inda Alhaji Gobe-Gobe ya yi hayar marasa lafiya ya jera kwalayen magani babu komai a ciki. To bari ki ji abin da ya jawo mini. Jiya da safe aka kira ni ofishin 'yan sanda. Na zauna a benci tun hantsi har la'asar, ana tambayata wa ya turo ni, wa nake kwaikwaya, me ya sa tarin sau uku ne ba sau biyu ba. Maigida ne ya tsaya mini aka sake ni. Na dawo shago, sai ga takardarki, wai akwai mutanen da ba a taɓawa.

Har ke, Inna? Su Gambo sun zo gidanmu ne? Sun tsorata Baba? Da Baba ne ya rubuta haka ba zan ji komai ba. Amma ke ce kika taɓa kwaikwayon mai unguwa a gabansa ranar suna, har ya bar rawaninsa ya gudu.

Ba zan janye ba. Tsarin mulkin ƙasar nan ya ba ni 'yancin faɗin albarkacin bakina. Barkwanci ba shi da shinge. Wanda na ga dama zan kwaikwaya, mai mulki ko talaka, Bahaushe ko Bafillace ko Bayarabe, wanda ya ji haushi ya rufe idonsa. Ranar da aka fara zaɓa mini wanda zan taɓa, ranar na zama maroƙi. Mutane suna so. Wancan na mai nono ma har yau shi aka fi nema wajen masu turi, yara a titi suna ganina sai su ce, "Buɗe mu gani!"

Ki yafe mini idan na yi zafi. Ban zaci zan tsaya ni kaɗai ba.

Jikanki,
Tajuddeen

*

Furfuri
Laraba, 27 ga Oktoba

Zuwa ga mijina, jarumin benci.

Assalamu alaikum. Muna lafiya, gwiwa tana nan tana waƙarta. Na ga ka sa hannu da "jikanki". Ashe saki ne ya zo mini ta mota. Ban karɓa ba, babu shaidu.

Na farko, babu Gambon da ya zo gidan nan, in ya zo kuma akwai muciya a bayan ƙofa. Na biyu, ni ban ma ga na asibitin ba sai da takardarka ta zo na aiki Sa'adiya ta nemo. Kwalin maganin nan da iska ta ɗauka kana bin sa da gudu kana tari, Allah ya shirye ka. Kada ka janye shi. Ka ƙara masa kashi na biyu. Wuni ka yi a benci ba ka ce ka tuba ba? Wallahi na gaya wa duk matar da ta shigo gidan nan, har da wadda ta zo aron rariya. Da ina da gwiwa da na zo na zauna kusa da kai, mu yi musu tarin tare.

Wanda na ce ka janye, na mai nono ne. Laifina ne da na rubuta a tsaye. Yanzu na zauna, ka buɗe kunnenka.

Ka fito da ƙwarya a ka, ka dafe ƙugu, ka karkace wuya, na ce wannan Maimuna ce sak, na yi dariya har da buga cinya. Sai Alhajinka ya ce, "Buɗe mu gani." Aka ɗaga faifai, babu nono, sai burodi da batir da harsashi, wai za ta kai wa ɓarayin daji. Nan dariyata ta tsaya. Ta maƙwabta ba ta tsaya ba.

Ranar Alhamis, talatin ga Satumba, Maimuna ta taho kamar kullum. Samarin da ke gadin bakin gari, a gindin tsamiya, suka tare ta. "Buɗe mu gani! Buɗe mu gani!" Suna ta ƙyaƙyata dariya. Matar da ta girmi uwayensu. Ta sauke, ta buɗe. Ɗaya ya sa sandarsa ya juya nonon, wai yana laluben harsashi. Ɗanta na fari fa, waɗannan ɓarayin ne suka harbe shi ranar da suka kore garken. Su samarin sun sani, wasunsu sun je jana'iza.

Ta iso gidan nan ta ajiye ƙwarya. Na buɗe baki zan tambaye ta rijiya nawa, sai ta ce, "Ina kwana, Hajiya." Taju, shekara arba'in da ɗaya ba ta taɓa ce mini Hajiya ba. Ta juye nonon a kaskon awaki, ta ɗauraye ƙwaryarta da kanta, sannan ta ce, "Maganar da nake yi a tsakar gidan nan, wa ya kai ta bakin gari?" Ni na kai ta. Ni na sa ta a takarda don in yi maka burga. Yau Alhamis uku ba ta zo ba. Gobe ta huɗu.

Ka ce barkwanci ba shi da shinge. Ni na riga ka fara sana'ar nan, kuma ba a waya na koya ba. Ina ce maka miji marar cefane, kana ce mini mai haƙori huɗu, an tashi lafiya. Bagobiri ya ga Bayarabe ya ce ga bawansa, Bayarabe ya mayar masa a take. Bafillace da Babarbare haka. Ni da Maimuna, in na jefa mata ɗaya sai ta jefo mini biyu, kuma kullum ita ke da ta ƙarshe, don a gidana take. Duk wasan da na sani, ido da ido ake yin sa, wanda aka taɓa yana tsaye da bakinsa. Honorabul ɗinka yana da Gambo, yana da lasifika, yana da bencin da zai ajiye ka. Ka taɓa shi da kyau, zai iya da kai. Maimuna ta rama a ina? Ko wayar ba ta da ita. Kuma ba ita kaɗai ka sa wa harsashi a ƙwarya ba, duk mai ƙwarya ka sa wa. Sa'adiya ta ce masu nono biyu na Bungudu sun daina shiga gari.

Tsarin mulki ban karanta shi ba, aji huɗu bai kai can ba. Na yarda ya ba ka baki, kuma duk wanda ya zo rufe maka shi da ni zai yi. Amma wanda ya rubuta shi bai taɓa ɗaukar ƙwarya ya ratsa ta gindin tsamiyarmu ba.

Ba 'yar sanda ba ce ni, ba ni da benci. Abin da ka ga ya dace ka yi. Ni dai furata ba ta shayuwa da ruwa, kuma ban iya shan ta ni kaɗai ba.

Matarka har yanzu,
Luba

*

Tsafe
Lahadi, 7 ga Nuwamba

Zuwa ga amaryata.

Assalamu alaikum. Ina lafiya. Na janye sakin, ki koma ɗakinki.

Gaskiya zan faɗa miki, da na karanta takardarki kwana biyu na yi ina gardama da ke a zuciyata. Ina cewa ai ba ni na riƙe sandar ba. Ai wasa ne. Ai ba sunanta na kira ba.

Rana ta uku sai ga Gambo, fuska a sake, har da shadda wai in ɗinka masa. Ya zauna a kan teburin yanka ya ce, "Oga ya kalli na Bafillatanar nan, ya yi dariya har da hawaye. Ya ce irin wannan ne barkwanci. Ka riƙa yin irinsa, za mu riƙa kiranka duk taronmu. Mai tarin nan kuwa ka bar shi ya huta." Mutanen da suka ajiye ni a benci saboda wasa ɗaya, su ne ke tafa mini saboda ɗayan. Na naɗe masa shaddarsa na ce keke ya lalace.

Na bi masu turi na Tsafe da na Gusau ɗaya bayan ɗaya. Wasu sun goge a gabana. Wasu sun yi dariya suka ce ya riga ya shiga wayoyi dubu. Gaskiyarsu ne, ba zan iya kamo shi ba.

Jiya Asabar aka gayyace ni wunin biki a Tudun Wada, Gusau. Ina hawa dandamali aka fara, "Buɗe mu gani! Buɗe mu gani!" Dama na zo da ƙwaryar. Ban sa kayan Fulani ba. Na ajiye ta, na buɗe, nono ne na gaske da na saya da safe. Na ce, "Ga abin da ke ciki. Matar da na kwaikwaya ƙawar kakata ce, ita ta fara lasa mini man shanu. Ɓarayin da kuke tsoro sun kashe mata ɗa, sun kore mata shanu. Ƙarya na yi mata, kuma ba zan sake wannan wasan ba." Wani ya yi fito. Wani ya ce, "Wa'azi muka kira ko barkwanci?" Sai ledar ruwa ta sauka a ƙeyata, ta fashe, ta bi ta cikin riga.

Ban sauka ba. Na zura labulena a jiƙe, na cusa matashi, na yi tari uku, na ce, "Jama'a, game da shanun da aka sace, na Fulani da na Hausawa, mun gano su. Suna Abuja suna kwas. Gobe-gobe za su dawo da satifiket." Rabi suka yi dariya. Rabi ba su yi ba. Kawun ango ya sallame ni kafin a raba shinkafa.

Ban san ko wannan ya isa ba, Inna, ina jin bai isa ba. Ita ba ta Tudun Wada. Yaya zan yi ta ji? In zo rugar? Za ta yarda ta gan ni?

Mijinki mai jiƙaƙƙiyar ƙeya,
Taju

*

Furfuri
Juma'a, 12 ga Nuwamba

Zuwa ga mijina Tajuddeen, wanda yau ba zan tsokana ba sai kaɗan.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Gwiwa ta kumbura, za ka ji dalili.

Salisu ya riga takardarka ba ni labari, ashe shi ya ɗauki dangin amarya. A bakinsa ledar ruwa bakwai ce da takalmi ɗaya. Ya ce ka tsaya kamar turke. Na ce masa ai jinina ne. Na shiga ɗaki na share ido, hayaƙin murhu ne, kada ka ɗauka wani abu. Kwaikwayon mai tari kowane mai ƙarfin hali zai iya. Tsayawa gaban masu tafa maka ka ce musu ƙarya ka yi, wannan ni kaina ban taɓa gwadawa ba.

Ranar Talata da safe na sa Salisu ya kai ni bakin gulbi, sauran na taka da sanda. Babanka ya yi ta faɗa, na ce ya je ya duba ko akwai mai kallo. Na sami Maimuna tana wanke ƙore. Ta shimfiɗa mini buzu, ta ce, "Sannu da zuwa, Hajiya." Na ce ban zo da komai ba sai takarda da kunya. Na faɗa mata ni na fitar da maganarta. Sannan na karanta mata takardarka tun daga sallama har ƙeya. Ba ta ɗago ba. Da na gama ta ce, "Koma wajen ledar ruwan." Na koma. Ta ce, "Sake." Sau uku na fasa maka leda a ka, Taju. A na ukun na ga gefen bakinta ya motsa. Ba ta ce za ta zo ba, ba ta ce ba za ta zo ba. Ta rako ni har gulbi.

Jiya Alhamis tun hantsi na sa aka kai mini kujera gindin tsamiya. Na zauna tsakiyar samarin nan, na gaishe da kowa da sunan uwarsa, na tuna wa mai sandar ranar da na yi masa wanka yana jariri yana tsala ihu. Kusan azahar sai ga ƙwarya tana tahowa. Babu wanda ya yi ko tari. Ta wuce ta gabansu kanta a miƙe, ni ina bin ta a baya ina ɗingishi kamar 'yar rakiya.

A tsakar gida ta sauke. Muka zauna. Ka san ni, amma wallahi tsoro ya hana ni magana. Na dubi ƙwarya, na dubi ƙasa. Can sai ta ce, "Kaɗo, yau bakin naki ya tafi Abuja taro ne?" Sa'adiya ta saki tsintsiya. Ni kuwa na fashe da dariya ina kuka a lokaci ɗaya.

Abu ɗaya dai bai dawo ba. Na tambaye ta rijiya nawa, ta amsa mini da mai zafi, amma ba ta ce in buɗe in gani ba. Na jira. Ba ta faɗa ba. Ni na miƙa hannu na ɗaga faifan a shiru. Ina jin wannan maganar ta tafi ke nan, mu muka kashe ta, ni da kai.

Ga saƙonta. Ta ce kada ka zo ruga, ba ta son a ga mai labule a ƙofarta. Ka zo nan ranar Alhamis. Ta ce ka yi naka, saura nata. Ta riga ta gwada mana kaɗan: ta rataya igiyar akuya a wuya wai tef ɗin awo, ta cika baki da tsinke wai allurai, ta miƙa wuya kamar zabo tana cewa, "Tsarin mulki! Tsarin mulki!" sannan ta dafe ƙeya ta yi tsalle. Taju, ta fi ka. Ta fi ni ma, amma wannan kada ka sa a wasa. Ta ce za ka zauna a tabarma gaban matan unguwa, ba za ka ce uffan ba sai ta gama. Ka zo da wayar. Ita za ta ce a kunna, ita za ta ce a kashe, in ta ga dama a kai wa masu turi, in ba ta ga dama ba a goge a gabanta.

Ka taho da wuri, kafin nono ya ga fuskata.

Matarka,
Luba